Wa ya dafa ƙwan Hajiya? Muhawara kan injin ƙyanƙyasa na Arduino

Baban Ummi (Tudun Wada): Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wata huɗu ke nan da na raba zanen injin ƙyanƙyasar nan da na haɗa da Arduino, ɗan allon nan mai 'yar kwamfuta da ake rubuta wa shirin aiki, kuma a iya sanina mutum bakwai sun kwaikwaya, daga nan Gombe har Bauchi. Ina so in fitar da na biyu kafin ruwa ya sauka zabi su fara ƙwai, amma ba zan taɓa komai ba sai na ji daga bakinku. Don waɗanda suka shigo daga baya: gangar jikin mataccen firij ce, ƙwan fitilar mota biyu masu wat 21 ke ba da zafi, fankar tsohuwar kwamfuta na kaɗa iska, sensa DHT11 mai auna zafi da laima, rile biyu, wato makunnan da Arduino ke kunnawa da kashewa, ɗaya na fitila ɗaya na mota, wato ɗan injin da ke juya farantin ƙwai, sai ɗan allon rubutu a jikin ƙofa. Duka a kan batir mai bolt 12 da sola. Ni dai nawa ya ba ni 'yan tsaki 41 cikin ƙwai 50 a watan Nuwamba. Wanda ya ci riba ya faɗa, wanda ya yi asara ma ya faɗa, kada a ji nauyina.

Hajiya Mai Kaji (Kumo): Wa alaikumus salam. To Malam, tunda ka ce kada a ji nauyi, ni zan fara. Yarona ne ya haɗa min, bai sauya ko waya ɗaya daga zanenka ba. Ƙwai 90 na zuba, na kajin gida, wasu nawa wasu na bi maƙwabta na saya ɗai-ɗai. Ran kwana tara muka haska da tocila, jijiyoyi ja sun fito raɗau, 78 masu rai. Ran kwana goma sha huɗu na fito sallar asuba na ji ɗakin yana wani irin wari kamar ana babbaka. Na buɗe ƙofar firij ɗin, hucin da ya bugi fuskata kamar na buɗe tukunyar tuwo. Fitilu biyu a kunne, allon kuwa yana nuna digiri 37 abinsa, ko gezau. Na ɗauki ƙwai ɗaya sai da na sake shi don zafi. Ko ɗaya bai fita ba. Ban yi magana ba tun lokacin saboda kyauta ka ba mu, amma abin ya tsaya min a rai.

Baban Ummi: Innalillahi. Hajiya don Allah ki yi haƙuri, wallahi ban sani ba. Da kin faɗa min tun ranar. Tambaya ɗaya: da kika cire wayar batir kika mayar, ya dawo daidai?

Hajiya Mai Kaji: Yaron ya cire ya mayar, sai allon ya nuna 50, fitilun suka mutu. Amma ina amfanin baɗi ba rai.

Baba Riwaya (Bolari): Allah ya mayar da alheri Hajiya. Ni tun farko na faɗa, ba a saurare ni ba. Shekara talatin ina aikin wayar mota, abin da na koya shi ne duk abin da ka ƙara wa inji, ka ƙara masa wurin lalacewa ne. Akwai ɗan allon nan W1209 mai kunna wuta da kashewa gwargwadon zafi, da ake kawowa daga Sabon Gari a Kano, ka ba shi bolt 12, ka ce masa kunna a kaza kashe a kaza, magana ta ƙare. Babu kebul, babu kwamfuta, babu rubutun Turanci. Na haɗa wa mutum huɗu da shi, ba wanda ya dawo min da dafaffen ƙwai. Kaza da ba ta yi boko ba ma tana ƙyanƙyashe ƙwanta, sai mu ne za mu ce sai da kwamfuta?

Injiniya (Yelwa, Bauchi): Baba, Allah ya ƙara girma, amma in ka juya W1209 ɗin ka duba ƙarƙashin lambobinsa, akwai 'yar ƙwaƙwalwa a manne. Na asali STM8 ce a ciki. Wato shi ma maikurokwantirola ne, wani ne kawai ya rubuta masa shirin ya rufe. Bambancinsa da na Malam, aiki ɗaya aka ba shi.

Baba Riwaya: To ai maganata ke nan ka maimaita da Turanci. Aiki ɗaya. Jaki ɗaya ba a ɗora masa kayan raƙumi.

Injiniya: Na karɓa, Baba. Amma bari mu duba abin da ya sami Hajiya, don ba yawan aiki ne kaɗai ba. Alamun da ta bayar sun isa: allo ya tsaya a lamba ɗaya, fitila a kunne, an cire wuta an mayar ya farfaɗo. Ƙwaƙwalwar ce ta sandare. Ita ATmega328P, ƙwaƙwalwar da ke kan allon Arduino Uno ɗin Malam, bin umarni take layi bayan layi, in ta maƙale a wani layi tana jiran amsar da ba za ta zo ba, duk ƙafafunta suna nan yadda ta bar su. In ta bar rile a kunne, a kunne zai kwana. Inda na fi zargi shi ne allon rubutun. Da waya biyu yake magana da Arduino, ta hanyar da ake kira I2C, kuma a zanen Malam wayoyin nan sun bi gefe ɗaya da wayar motar juya faranti. Duk lokacin da motar ta tashi ko ta tsaya tana watsa tartsatsin wuta a layi. Sau dubu ba abin da zai faru, ran na dubu da ɗaya saƙo ya yanke a tsakiya, ita kuma ta zauna jira har abada. Malam, wace mota yaron Hajiya ya sa?

Hajiya Mai Kaji: Ta goge gilashin mota ce, a wajen 'yan gwangwan ya samo.

Baban Ummi: Shi ke nan an gano. Tawa 'yar ƙarama ce da na cire daga tsohuwar na'urar buga takardu, ba ta jan wuta sosai. A zanen na rubuta "mota mai bolt 12" kawai, ban faɗi girma ba. Kuma ban sa dayod a bayanta ba, ban sa kafasita ba, su ne masu shanye tartsatsin wutar nan, don nawa bai taɓa nuna min yana bukata ba. Laifina ne wannan, ba na yaron ba.

Ɗan Kashere: Salam iyayena da yayyena. Ni ɗalibi ne, ina aji uku. A ganina matsalar ita ce Uno ta tsufa. Ƙwaƙwalwar aikinta kilobait 2 ce kacal, gudunta megahaz 16. Me zai hana a koma wani allon, ESP32? Tana gudu har 240, ga WiFi ga Bluetooth a ciki. Da ita ce, da tuni saƙo ya shigo wayar Hajiya cewa zafi ya haura.

Baba Riwaya: Ɗana, in ta sandare wa zai tura saƙon? Maigadin da ya yi barci shi zai buga ƙararrawa?

Ɗan Kashere: Haka ne kuma Baba.

Injiniya: Baba ya gama da kai a layi ɗaya, ƙanena. Kuma ka tuna ESP32 bolt 3.3 take aiki, wasu allunan rile na bolt 5 ba sa jin maganarta sosai, ga cin batir in WiFi na kunne. Ɗakin kaji a Kumo wace WiFi za ta kama? Aikin nan duba zafi ne sau ɗaya cikin daƙiƙa biyu, ko rabin Uno bai cinye ba. Amma maganar maigadi da Baba ya yi da wasa, akwai shi da gaske a cikin ATmega. Wani ɗan agogo ne mai zaman kansa, kana saita shi har zuwa daƙiƙa 8. Shirinka dole ya riƙa taɓa shi kafin lokacin ya cika, kamar ka ce masa ina nan, ban yi barci ba. In ya ji shiru, sai ya kashe ƙwaƙwalwar ya sake tayar da ita. Layi uku ne a rubutu. Da yana ciki, da sandarewar Hajiya ba ta wuce daƙiƙa 8 ba. Gargaɗi ɗaya: masu amfani da Arduino Nano irin mai tsohon shirin tayarwa, in kun kunna maigadin nan tana iya shiga tashi-faɗi ba iyaka, sai an sauya mata shirin tayarwar zuwa irin na Uno.

Baban Ummi: Na rubuta. Amma ni yanzu ko da maigadin hankalina bai kwanta ba. In rile ɗin kansa ya manne fa? Na taɓa fasa wani da ya mutu, bakinsa ya narke ya haɗe.

Baba Riwaya: Yauwa, yanzu ka zo inda nake. A mota ba ma dogara da abu ɗaya. Akwai makunni, akwai rile, akwai fis. Ka sa wani abu a kan wayar fitilar kanta wanda ba ruwansa da kwamfutarka, zafi ya wuce ya yanke. Irin wanda ke cikin dutsen guga.

Injiniya: Irin na dutsen guga ƙarfe biyu ne da ke lanƙwashewa, akwai ƙanana ma masu digiri 40, sai dai kuskurensu kan kai digiri biyar sama ko ƙasa. A ƙwai digiri biyar rai ne da mutuwa. Abin da zan ba da shawara: a ɗauko W1209 ɗin Baba, a jera shi a layi ɗaya da rilen Arduino, a saita shi ya yanke a 39. Kullum yana rufe, ba ya aikin komai, sai ranar da Arduino ta haukace. Sensansa daban, ƙwaƙwalwarsa daban. Kafin su biyun su lalace a dare ɗaya, sai dai ƙaddara.

Baba Riwaya: Wato dai an dawo gidan tsoho. Allah na gode maka da ka nuna min wannan rana.

Mai Shago (Jekadafari): Jama'a ku yi haƙuri in katse ku. Ni ma na haɗa, zafi daidai, juyi daidai, kwana 25 ko tsako ɗaya. Kiret biyu cur.

Hajiya Mai Kaji: Ina ka samo ƙwan?

Mai Shago: A shagona mana, sabon kawowa daga gidan gona.

Hajiya Mai Kaji: Ikon Allah! Bawan Allah, kajin gidan gona masu ƙwan sayarwa ba zakara a cikinsu. Ko shekara ka yi kana gasa shi ba abin da zai fito sai wari. Duk baƙin cikina ka sa ni dariya yau. Ka nemi ƙwan kajin da ke yawo da zakara, wanda bai wuce mako da yi ba, kada ka wanke shi, ka ajiye tsinin yana kallon ƙasa.

Mai Shago: Kai, ashe ni na yi wa kaina. To Malam ka rubuta wannan a saman zanen da manyan baƙaƙe, don na san ba ni kaɗai ba ne.

Baban Ummi: Zan rubuta, har da jan layi.

Maman Sadiq (Bajoga): Sallama. Ni nawa bai sandare ba, amma abin da na gani ya fi ban tausayi. A watan Janairu na zuba, tsakiyar hunturu. Kwana 21 ya cika, ina jin kukansu a cikin ƙwai, sun huda ɗan rami da baki, sai su tsaya nan. Na ɓare wasu da hannu, fatar nan ta ciki ta bushe ta naɗe su kamar leda, gashinsu ya manne. Cikin 60, goma sha tara suka fita da kansu. Allon yana ce min laima kashi 60, amma ni da na sa hannu na san ƙarya ne, cikin firij ɗin a bushe yake ƙamas. Kofin ruwan da aka ce a sa kafin azahar ya ƙafe.

Baban Ummi: Sannu Maman Sadiq. Nan ma ina ganin inda na gaza. Ni na gwada a farkon Nuwamba, ƙasa ba ta gama bushewa ba. Ƙa'idar ita ce laima ta zauna wajen 50 zuwa 55 a kwana 18 na farko, daga nan a daina juyi a ɗaga ta zuwa 65 ko 70 har su fito. Da iskar hunturu kofi ɗaya ba zai kai ba. Kuma ba zurfin ruwan ke aiki ba, faɗin fuskarsa ne. Faranti mai faɗi da soso a ciki ya fi bokiti.

Injiniya: Ƙara da cewa DHT11 ba abin amana ba ce a wannan aikin. A takardarta ma an rubuta kuskuren digiri 2 a zafi, kashi 5 a laima, kuma iyakarta digiri 50. Shi ya sa allon Hajiya ya nuna 50 bayan an tayar da shi, wataƙila zafin ya fi haka, iyakar bakinta ke nan. Muna neman 37.5, muna auna shi da abin da zai iya ce wa 39 37. In kuma ƙura ta shiga ragarta ko ta daɗe cikin danshi, lissafin laimar sai abin da ta ga dama. A sa DS18B20 don zafi, kuskurenta rabin digiri, rizista ɗaya mai 4.7k take bukata. Don laima a nemi SHT31, in ba hali DHT22.

Ɗan Kashere: Yaya Injiniya, DS18B20 ɗin ma jabu sun cika kasuwa. Na sayi uku a wuri ɗaya, na ɗaure su tare na tsoma a kofi ɗaya, kowacce da abin da take faɗa.

Maman Sadiq: To mu da ba mu da ɗakin gwaji yaya za mu gane ta gaskiya?

Baban Ummi: Akwai dabara mai sauƙi. Ki sayi ma'aunin zafin jiki a kemis, irin wanda ake sa wa yara a hammata. An yi shi ne don tsakanin 35 da 42, daidai inda muke aiki, kuma a nan ya fi duk sensocinmu gaskiya. Ki zuba ruwa mai ɗumi a fulas, ki tsoma shi tare da sensar, ki ga bambanci. A na biyun zan sa maɓalli da za a ƙara ko a rage wannan bambancin ba sai an kira ni ba. Sannan sensar ta zauna daidai saman ƙwai, kada a rataye ta kusa da fitila ko a jikin bango.

Hajiya Mai Kaji: Ni akwai abin da ban ji kowa ya taɓo ba. Yanzu Maris muke. Ɗakin kajina rufin kwano ne, da rana tsaka ko ni ba na iya minti biyar a ciki. In ɗakin kansa ya kai 40, injin ya kashe fitila, sai kuma me? Zai hura wa ƙwan sanyi ne?

Injiniya: Hajiya wannan tambayar ta fi duk abin da muka faɗa tun safe. Yawancin zanen da muke kwaikwaya daga ƙasashen sanyi suka fito, su abokin gabarsu sanyi ne, injinsu bai san komai ba sai ƙara zafi. Mu daga Maris zuwa Mayu matsalarmu a juye take. Ga shi kuma daga kwana goma sha wani abu 'yan tsakin da ke cikin ƙwai su ma suna fitar da nasu zafin, firij kuma an yi shi ne don ya riƙe abin da ke cikinsa. Sai ka ga fitila a kashe amma zafi na hawa.

Baban Ummi: Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba, don nawa a zaure yake, ginin ƙasa, ko da azahar da sanyinsa. Abin da zan iya: fanka ta biyu a sama da za ta zuƙe iska waje in an haura 38, da ƙara mai tsanani in an kai 38.5. Amma in iskar wajen ta fi ta cikin zafi, fanka ba ta da abin yi.

Baba Riwaya: Sai a koma wa randa. Ku jiƙa buhun algarara ku rataya a inda iska ke shiga, iskar da ta ratsa shi za ta yi sanyi ta kuma ɗauko laima. Kakanninmu da haka suka sha ruwan sanyi. Amma gaskiya Hajiya ki fitar da shi daga ƙarƙashin kwano, ki kai shi ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a gidan, ko da ɗakin Alhaji ne.

Hajiya Mai Kaji: Baba kai za ka zo ka faɗa masa da bakinka.

Ɗan Kashere: Tunda ana tone-tone, ni ma in faɗi nawa. Na so in mayar da juyi duk awa ɗaya maimakon awa uku, sai na rubuta 60 sau 60 sau 1000 a shirin, tunda Arduino na raba kowace daƙiƙa gida dubu wajen ƙirga. Motar ta rikice, ba ta bin lokaci ko kaɗan. Kwana biyu ina neman waya da ta kwance.

Injiniya: Ba waya ba ce. A Uno lamba irin ta int, wato wadda shiri ke ɗauka in ba ka ce masa wata iri ba, ba ta wuce 32,767. Sittin sau sittin 3,600 ne, lafiya lau, amma kana ninkawa da dubu ya zama 3,600,000, kwano ya cika ya zube, abin da ya rage a ciki shi ta ɗauka. Ka rubuta 3600000UL kai tsaye. Kuma tunda an zo nan, Malam ka duba yadda kake ƙirga lokaci. Agogon millis, mai ƙirga lokaci tun daga kunna Arduino, yana cika ya koma sifiri bayan kwana 49 da 'yan awanni. Kaza kwana 21, zabuwa har 28, in ka haɗa 49 ke nan. Duk wanda ya fitar da kaji ya zuba na zabi bai kashe injin ba, zai ci karo da shi daidai lokacin ƙyanƙyasa. In kana cire lokacin baya daga na yanzu ka kwatanta da tazara, ba matsala. In kana tara lokacin gaba kana jira a kai shi, a nan ake faɗawa rami.

Baban Ummi: Na duba yanzun nan. Tarawa nake yi. Kai jama'a, ashe rami nawa na haƙa wa mutane ban sani ba.

Maman Sadiq: Ni kuma duk ranar da batir ya yi ƙasa injin ya mutu, in ya tashi sai ya ce kwana na 1. Da alli nake rubuta kwanakin a bango.

Baban Ummi: Wannan na riga na fara gyara shi. Da farko na ce in riƙa ajiye lokaci a EEPROM, wato ɗan ma'ajin da ba ya mantuwa in wuta ta ɗauke, duk daƙiƙa. Allah ya sa na yi lissafi kafin in raba. Kowane gurbi a cikinsa rubutu 100,000 aka lamunce masa. In kana rubutawa duk daƙiƙa, cikin awa 28 ka cinye. In sau ɗaya a awa ne, ya haura shekara 11. Amma daga baya na ga hakan ma bai isa ba, don ba ya ƙirga awannin da injin ya yi a mace. Yanzu na sa agogo DS3231 mai ɗan batirinsa irin na agogon hannu, ranar da aka zuba ƙwai kawai nake ajiyewa, sau ɗaya, sauran lissafi ne. Allin dai kada ki yar, Maman Sadiq.

Baba Riwaya: Maganar batir, ku daina ba Arduino wuta kai tsaye daga batirin sola. Da rana in yana caji yana kai bolt 14. Na taɓa ɗan abin da ke rage wutar a kan allon wani yaro, sai da yatsana ya tashi.

Injiniya: Gaskiya ne. Daga 14 zuwa 5 saura 9, in allon da rile da fitilar rubutu suna jan amfiya 0.2, kusan wat 2 ke nan yake ƙonawa a banza a abu kamar ƙwayar wake. In ya yi zafi ya yanke, wani dalilin mutuwa da tashi ke nan. A sa ɗan allon rage wuta LM2596 a tsakani, a saita shi a 5 da mita kafin a haɗa, ba bayan an haɗa ba. Su kuma fitilun, wat 42 a bolt 12 amfiya uku da rabi ne. In rabin daren awa 12 suke a kunne, za su ci wajen amfiya-awa 21 daga batir, mai amfiya-awa 100 zai ɗauka ba gardama in dai ba a haɗa masa talabijin da cajin wayar unguwa ba.

Manomi (Dadin Kowa): Malam ina maganar famfon fadamata da ka ce za ka sa in riƙa kunna shi da saƙon waya? Ko kaji sun cinye mu?

Baban Ummi: Yana kan tebur, Alhaji. SIM800L ɗin, ɗan allon da ake sa wa layin waya, shi ke ba ni wahala, in zai kama layi yakan fizgi har amfiya 2 lokaci guda, sai ya mutu ya tashi. Na sa masa babban kafasita da batirinsa daban, ya fara nutsuwa. Amma bayan abin da na ji yau ba zan ba ka shi ba sai na sa masa abin da zai kashe famfon da kansa in ya ji shiru. Ka ga ƙwai ya dahu, ina ga injin da zai kwana yana jan iska ba ruwa.

Manomi: To gara haka. Ina jira, tumatir dai ba ya jira.

Baba Riwaya: Ni yanzu tambayata ɗaya, kuma ba da wasa nake ba. Na ga wani a kasuwa yana haɗa irin wannan injin sak, har da rubutun sallamar da ke fitowa a allonka, yana sayarwa. Tsohon shirinka ne a ciki, mai duk ramukan nan da aka lissafa. Gobe ƙwan wata ya dahu, sunan wa za a kira? Shi ya sa mu a da ba ma sakin sana'a haka. Yaro sai ya shekara biyar yana miƙo sifana kafin a bar shi ya taɓa waya.

Ɗan Kashere: Amma Baba ita Arduino ɗin kanta da haka ta zo hannunmu. Malamai ne a wata makaranta a garin Ivrea na Italiya suka yi ta a 2005 don ɗalibansu, suka saki zanen kowa ya kwafa. Shi ya sa ake buga ta a Chaina da araha har ta iso Gombe. Da sun rufe, da ni da Malam ba mu taɓa ganinta ba.

Baba Riwaya: Su sun saki abin da ya nuna. Ɗanye fa ake magana.

Injiniya: Ni ina tsakiya. Da Malam ya ɓoye, da har yau yana zaune da injin da ke aiki a zaurensa kaɗai, a watan Nuwamba kaɗai, da 'yar motarsa kaɗai. Motar gilashi, hunturun Bajoga, kwanon Kumo, ba wanda zai gano su a tebur ɗaya. Amma wanda ya biya kuɗin wannan karatun Hajiya ce da Maman Sadiq, kuma ba a tambaye su ba ko sun yarda a yi gwaji da ƙwansu. Nan ne nake ganin Baba yana da gaskiya. A rubuta a fili cewa gwaji ne, kada a zuba fiye da ƙwai 20 a karon farko, a bar injin ya yi kwana uku ba komai a ciki ana dubawa. Kuma allon ya riƙa nuna lambar shirin in an kunna, don a san tsoho da sabo.

Hajiya Mai Kaji: Ni ban ce a biya ni ba, kada a fahimce ni a karkace. Da an ce min gwaji ne, da 20 ɗin zan zuba. Na ga an ce 41 cikin 50 ne na saki jiki.

Baban Ummi: Haka ne Hajiya, ni na yi gaggawar murna da fita ɗaya. Ba zan daina rabawa ba Baba, ka yi min afuwa, amma na biyun ba zai fita ba sai ya yi zagaye ɗaya cikakke a gidaje uku da ba nawa ba. Tsohon zanen kuma yau zan sauke shi. Mai sayarwa a kasuwar nan, in ka san rumfarsa ka raka ni, in ba shi gyaran kyauta, ya kira waɗanda ya sayar wa. Hajiya, in kin amince ranar Asabar zan shigo Kumo da W1209 da sensa da dayod, in gyara naki da hannuna. Ƙwan gwajin kuma ni zan kawo, 20, daga kajina.

Hajiya Mai Kaji: Allah ya kai mu. Ka zo da wuri kafin rana ta buɗe, ka ga ɗakin da idonka da azahar. Kuma ka taho da Baba, shi zai yi wa Alhaji bayanin ɗaki.

Baba Riwaya: Asabar ina da motar wani a gareji, sai dai bayan la'asar. Malam kada ka sayi W1209, ina da biyu a akwati. Ka zo da dalma dai, tawa ta ƙare.

Maman Sadiq: A sa ni cikin gidaje ukun. Amma ni na zabi zan zuba, sai ruwa ya sauka. Maɓallin kwanakin zai kai 28 ko a 21 ya tsaya?

Baban Ummi: A 21 ya tsaya. Bari in buɗe shirin.